Tsohon rumbun UniVerse da sabon shafin oda: a ina matsalar take?

"Assalamu alaikum Malam. Ina aiki da wani kamfanin dillancin magunguna a Gombe. Tun kafin a ɗauke ni suke amfani da rumbun bayanai na UniVerse wajen lissafin sito da buga rasit, ma'aikata na shiga ta baƙin allo. Oga ya ce in yi shafin intanet domin masu kemis na Kumo, Billiri, Bajoga da Dukku su riƙa yin oda ta waya. Na rubuta shafin da PHP, na sa ƙaramar manhajar Java mai amfani da UniObjects, hanyar haɗawa da UniVerse daga waje, a tsakiya. Yanzu abubuwa sun hana ni barci. Wasu haruffa irin þ da ý suna fitowa cikin bayanai, kwanan wata na zuwa a lamba kamar 20731, farashi kuma ya ninka ɗari. Rekod na kullewa har kashiya ta kasa buga rasit. Da rana kuma shafin sai ya yi nauyi, wani lokaci ya ce lasisi ya ƙare. Shin in kwashe komai in mayar MySQL in huta?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayarka ta ƙarshe ita ce mafi sauƙi, amsarta a'a, ba yanzu ba. Duk abin da ka lissafa babu wanda ya nuna rumbun ya lalace. Matsalar tana kan iyaka, daidai inda UniVerse ke miƙa wa shafinka bayani, domin ka haɗa tsari biyu da kowanne ke da nasa tunanin game da yadda rekod yake da kuma tsawon lokacin da mutum ke zama a gaban kwamfuta.

UniVerse ɗan gidan da ake kira MultiValue ne, wasu su ce Pick. Asalinsa aikin Dick Pick da Don Nelson ne a kamfanin TRW na Amurka a 1965, don lissafin kayan gyaran jirgi mai saukar ungulu na soja. Ka ga ya girmi takardar da Edgar Codd ya fitar a 1970, wadda daga ita aka samo tsarin teburori da ka saba da shi a MySQL. UniVerse ya bi ta hannun IBM daga 2001, sannan Rocket Software ya saye shi a 2009 tare da UniData. D3 da jBASE da OpenQM duk 'yan gida ɗaya ne. Bambancinsu da abin da aka koya maka a makaranta shi ne, a MySQL rasit guda kan rabu gida biyu, teburin kan rasit da teburin layukan kaya, sai a ɗinke su lokacin karantawa. A nan kuwa rasit yana zaune ne kamar yadda yake a littafin rasit na takarda: sunan mai saye a sama, layukan kaya a ƙasa, duk a shafi ɗaya.

Haruffan da kake gani ba datti ba ne

Rekod a UniVerse dogon zaren rubutu ne guda ɗaya, an yanka shi da alamomi. Bayit mai lamba 254 yana raba gurbi da gurbi, 253 yana raba bayanai da yawa a cikin gurbi ɗaya, 252 kuma yana ƙara rabawa a ƙasan wannan. A BASIC, harshen da ake rubuta shirye-shiryen UniVerse da shi, ana kiransu @FM da @VM da @SM. Masu aikin kan rubuta su da hannu a matsayin ^ da ] da \. Ga misalin oda ɗaya:

K0412^20731^PCM500]AMX250]ORS^10]4]25^185000]420000]9500

Gurbi na 1 lambar kwastoma, na 2 kwanan wata, na 3 lambobin kaya uku, na 4 adadin kowanne, na 5 farashin kowanne. Idan manhajarka ta karanta wannan da tsarin haruffa na Latin-1, bayit 254 zai fito þ, 253 ya fito ý, 252 ya fito ü. Su ne kake gani. In kuwa ta ɗauke shi a matsayin UTF-8 abin ya fi muni, saboda waɗannan lambobi ba su da gurbi a UTF-8 kwata-kwata, shi ya sa json_encode na PHP kan dawo maka da false ba tare da wani dogon bayani ba. Kada ka goge su da str_replace, na ga an yi hakan an manne sunayen magunguna uku sun koma kalma ɗaya. A yanka rekod tun yana ɗanyensa, kafin a sauya tsarin haruffa, ba bayan an sauya ba.

Ka dubi gurbi na 3 da na 4 da na 5 da kyau, don nan ne sababbin shiga ke yin ɓarnar da ba ta fitowa sai an zo ƙidayar sito. Babu abin da ya haɗa AMX250 da adadin 4 illa matsayi: shi ne na biyu a nan, shi ne na biyu a can. Idan shafinka ya cire magani daga gurbi na 3 bai cire takwarorinsa a na 4 da na 5 ba, rumbun ba zai ce uffan ba, sai dai ORS ya gaji adadi da farashin wani. Don haka a JSON, zubin rubutun da ake aika wa shafi bayani da shi, kada ka aika jeri uku daban-daban. Ka aika jeri ɗaya na layuka, kowane layi da lambar kaya da adadi da farashinsa tare. Ka ƙirga layuka daga gurbin lambar kaya kawai, da DCOUNT, domin sauran gurabun na iya gajarta idan ƙarshensu babu komai. Ko oda mai layi ɗaya ce, ta fita a matsayin jeri.

Sai 20731. UniVerse na ajiye kwanan wata a matsayin adadin kwanaki tun daga 31 ga Disamba 1967, wadda ita ce rana ta sifili. Rana ta 20000 ta faɗo 3 ga Oktoba 2022, taka 20731 kuwa 3 ga Oktoba 2024 ce. Kana iya cire 732 ka samu ƙidayar kwanakin Unix da ke farawa 1 ga Janairu 1970, amma ban ba ka shawarar yin lissafin a PHP ba. Bar OCONV, mai juya bayani zuwa yadda ake nuna shi, ya yi aikinsa a cikin BASIC da lambar juyi D-YMD[4,2,2], ka aika 2024-10-03 a rubuce. Ka guji zubin 03/10/2024, don saitin Amurka na fara kawo wata, mu kuma muna fara kawo rana, kuma ba za ka gane an juya maka ba sai ranar ta wuce 12. A harkar magani, inda ranar ƙarewar aiki ke da nauyi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kuɗi ma haka. Ana ajiye su ba tare da ɗigo ba, 185000 na nufin naira 1,850.00, lambar juyi MD2 ce ke mayar da ɗigon lokacin nunawa. Ga dalilin ninkin ɗari. Sai dai ka yi hattara da ƙamus ɗin fayil, wato abin da LIST DICT ke nuna maka. Ƙamus a wannan gida bayani ne, ba doka ba. Babu abin da ke tilasta wa shirin BASIC bin sa, kuma gurbi ɗaya na iya samun bayanai uku ko huɗu a ƙamus da mutane daban-daban suka rubuta don rahotanninsu. Na taɓa samun fayil da ƙamus ya ce MD2 amma shirin da ke rubuta farashin ƙwaya ɗaya yana amfani da MD4. Gaskiyar gurbi tana wurin shirin da ke yin WRITE, can za ka je ka karanta. A JSON kuma ka aika kuɗi a kobo, cikakkiyar lamba, ko a rubuce, kada ka bar JavaScript ya yi maka lissafin naira da lamba mai ɗigo.

Akwai wata da ba ka ambata ba amma tana tafe: haruffanmu masu lanƙwasa. Ranar da mai kemis zai rubuta sunansa Ɗanladi daga wayarsa, in manhajar tsakiya na mayar da rubutu Latin-1 kafin ta ajiye, Ɗ ba shi da wuri a can, alamar tambaya za ta maye gurbinsa, kuma ya tafi ke nan. Haka alamar ₦. In kuma wani ya kwafo sunan kamfanin Jamus ko na Turkiyya mai ü, a Latin-1 wannan harafi shi ne 252, sai ya tsaga maka gurbi biyu. Labari mai daɗi shi ne UTF-8 ba ya taɓa amfani da bayit daga 245 zuwa 255, saboda haka rubutun UTF-8 ba ya karo da alamomin rabawa. Kana iya ajiye shi yadda yake, muddin ka tuna ɗ da ƙ bayit biyu-biyu ne, ₦ uku. LEN, mai auna tsawon rubutu, zai ƙirga fiye da abin da ido ke gani, kuma yanke suna a harafi na 20 na iya raba ƙ gida biyu. UniVerse na da tsarin NLS, mai kula da haruffan harsuna daban-daban, don wannan, amma kunna shi a kan tsohon rumbu aiki ne na musamman da sai an gwada a kwafi. Ni abin da nake yi, in ajiye sunan yadda aka rubuta, in kuma ajiye na biyu marar lanƙwasa da manyan baƙaƙe don bincike, tunda rabin ma'aikata Danladi za su buga.

Kulle

Wannan ce babbar matsalarka, kuma ita ce za ta iya jawo asarar kuɗi. An gina tsarin kulle na UniVerse ne don mutumin da ke zaune gaban allo daga farkon aiki zuwa ƙarshe. Shirin ya yi READU, ya riƙe rekod, mutum ya gyara, WRITE ya ajiye ya saki. Kullen na zaman da ya ɗauke shi ne, wato haɗin da aka buɗe da rumbun daga shiga zuwa fita. Burauza kuwa ba ta zama. Ta turo buƙata, ta karɓi amsa, ta tafi, wataƙila ta dawo, wataƙila mai wayar ya shiga inda babu sabis a hanyar Dukku. Idan ka ɗauki kulle lokacin da aka buɗe shafi da niyyar saki lokacin da aka danna ajiye, duk wanda ya rufe shafin bai ajiye ba ya bar maka kulle a rataye, kashiya kuma ta tsaya.

Akwai fuska ta biyu da ta fi wannan haɗari. In manhajar tsakiya na sake amfani da zama ɗaya ga mutane da yawa, a idon UniVerse duk mutum ɗaya ne, kuma zama ba ya hana kansa rekod ɗin da shi ya kulle. Mai kemis na Kumo ya kulle, na Bajoga ya zo ta wannan zaman ya wuce salin alin ya rubuta a kai. Kullen ya hana kashiya aiki, bai kuma kare abin da aka sa shi karewa ba.

Ƙa'idar da nake bi ita ce kada kulle ya wuce tsawon kira ɗaya. Lokacin nunawa, READ kawai, ka riƙe hoton rekod ɗin yadda yake, ko taƙaitacciyar lambar da aka lissafo daga abin da ke cikinsa. Lokacin ajiyewa, sabrutin ɗaya na BASIC, wato ƙaramin shirin da ake kira, ya yi READU, ya gwada abin da ke rumbu yanzu da abin da aka nuna wa mutumin. In daidai suke ya rubuta, in sun bambanta ya yi RELEASE ya ce wani ya riga ka, sake dubawa. Wasu kan ƙara gurbin ƙidaya da ke hawa duk lokacin da aka rubuta. Dabara ce mai kyau a sabon tsari, amma a naka tsofaffin shirye-shiryen baƙin allo ba su san da gurbin ba, ba za su ɗaga shi ba, don haka gwada rekod ɗin kansa ya fi aminci. Kuma kowane READU da shafi zai kira dole ya kasance da sashen LOCKED. In babu shi, shirin zai tsaya yana jira. Na ga haka a wani kamfani a Bauchi: ma'aikacin sito ya buɗe rekod ɗin wani magani mai tafiya sosai, aka kira sallar Azahar ya tashi ya bar allon yadda yake. Duk odar da ta ƙunshi wannan magani ta tsaya layi, kowacce riƙe da zama ɗaya, har zaman suka ƙare shafin ya mutu gaba ɗaya. Da ya dawo ya danna maɓalli ɗaya komai ya warware, aka yi ta zargin kamfanin intanet.

Game da sito, kada waya ta aiko da "saura katan 35". Ta aiko da "a cire katan 5", sabrutin ya yi ragin a ƙarƙashin kulle. Sannan ka yi tanadin danna sau biyu. Inda sabis ke rawa, mutum zai danna tura, amsa ba ta zo ba, ya sake dannawa, alhali ta farko ta shiga. Ka sa shafin ya ƙirƙiri lamba ta musamman tun lokacin da aka fara cika odar, sabrutin ya duba ko ya taɓa ganinta, in ya gani ya mayar da amsar farko kawai.

Don kullen da ke rataye yanzu, LIST.READU EVERY zai nuna maka fayil da rekod da mai riƙe da shi, PORT.STATUS ya nuna abin da zaman ke yi. UNLOCK, mai cire kulle, na nan a asusun UV na mai kula da tsarin, amma ka tabbatar mai kullen ba ya tsakiyar rubutu. Kashe zama da kill -9 shi ne abu na ƙarshe.

Nauyi da lasisi

Ina kyautata zaton kana buɗe sabon zama a kowace buƙata. Buɗe zama na da tsada, kuma kowanne na cin lasisi ɗaya, shi ya sa abin ke faruwa da rana lokacin da ma'aikata suka riga suka cinye nasu. Maganin shi ne a tanadi 'yan zama kaɗan a buɗe, buƙatu na karɓa suna mayarwa. Rocket na sayar da lasisi daban don irin wannan amfani, don haka ku duba takardar yarjejeniyarku da wanda ya sayar muku kafin ka gina naka ta bayan gida. Zaman da ake yawo da shi kuma yana ɗauke da ragowar wanda ya gabata: abin da ke cikin COMMON mai suna, wato ma'ajiyar da shirye-shiryen zama ɗaya ke tarayya a kanta, da jerin SELECT da ba a ƙarasa ba. In tsohon shiri na ajiye reshe ko sunan mai aiki a COMMON, odar Billiri na iya fita da sunan reshen wani. Kowane sabrutin ya fara da share waɗannan. Ka kuma bi duk shirin da shafi zai kira ka tabbatar babu INPUT a ciki, ko irin "danna RETURN don ci gaba", domin babu mai dannawa. Ka duba sakin LOGIN da ke VOC, fayil ɗin umarnin asusu, shi ma, kada ya jefa zaman da ba na mutum ba cikin menu. @TTY zai taimaka maka bambancewa.

Sauran nauyin yawanci fayil ne. SELECT a kan gurbin da ba shi da fihirisa yana karanta fayil daga farko har ƙarshe, CREATE.INDEX da BUILD.INDEX za su rage wannan. Fayil mai tsayayyen girma kuma, in an yanka masa modulo, wato adadin rukunansa, tun kamfani na ƙarami, yanzu rukunansa sun cika sun malala, karatu ɗaya ya koma goma. FILE.STAT zai faɗa maka, RESIZE ya gyara, amma da dare, babu kowa a ciki, bayan ka ɗauki kwafi da uvbackup ka kuma gwada dawo da shi a wata kwamfuta. Kwafin cp da aka ɗauka ana tsakiyar aiki ba abin dogaro ba ne. Yadda ake ɗauke mana wuta, sabar da ba ta kan inbata ko UPS tana jiran ranarta ne kawai.

Abu biyu na tsaro. Ƙofar UniRPC da UniObjects ke shiga ta cikinta, lamba 31438, kada ta kalli intanet, ita da telnet su tsaya cikin gida. Kuma kada ka ɗinka abin da mutum ya buga kai tsaye cikin umarnin EXECUTE. Alamar zance ɗaya na iya sauya ma'anar SELECT, kuma EXECUTE na ɗaukar bayit 254 a matsayin rabuwar umarni da umarni. Duk rubutun da ya shigo daga waje a tace shi daga bayit 251 zuwa 255 tukuna.

To batun ƙaura fa?

In ka lura, duk gyaran da na ambata wuri ɗaya suke komawa: shafinka ya daina taɓa fayil da kansa. Ka rubuta 'yan sabrutin na BASIC, ɗaya na neman kaya, ɗaya na karɓar oda, ɗaya na nuna bashin kwastoma, su ne kaɗai ƙofa. Su juya kwanan wata da kuɗi, su yi kulle su saki, su fitar da JSON. Sababbin zubin UniVerse na da UDO don haɗa JSON a cikin BASIC, da Python a ciki, Rocket kuma na da MVIS mai mayar da sabrutin ya zama REST, wato abin da shafi zai iya kira ta intanet. In naku tsoho ne, Java ɗin da ka riga ka rubuta ya isa ya yi wannan.

Dalilin da ya sa na hana ka kwashewa yanzu ba son tsohon abu ba ne. Bayanan kansu ba su da wuyar kwashewa. Abin da ke da wuya shi ne dokokin kasuwancin da ke binne cikin BASIC: ragin da ake yi wa wane, iyakar bashin wane, wane rukunin magani ake fara fitarwa. Babu wanda ya rubuta su a takarda, kuma mai yiwuwa wanda ya rubuta kod ɗin ya bar aiki. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In rahotanni ne ke damun oga, ka riƙa zuba kwafi a MySQL ko PostgreSQL kowane dare, a nan ne za ka warware layukan rasit su zama tebur na biyu, ku yi rahoto daga can.

Akwai dalilai na gaske da za su iya sa ku tashi nan gaba. Lasisi da kuɗin waje ake biyansa, masu iya wannan aiki a Arewa maso Gabas ba su da yawa, kuma in zubinku ya fita daga tallafi haɗarin na ƙaruwa. Wannan hukuncin masu kamfani ne, da lissafi a gabansu. Ranar da suka yanke, ƙofar da ka gina ita ce za ta ba ku damar sauya ɓangare-ɓangare, masu kemis ba su ma sani ba. Kai kuma koyon bai faɗi ƙasa ba, domin manhajar banki ta T24 ta Temenos, da wasu bankunan Najeriya suka yi amfani da ita, ta daɗe tana tafiya a kan jBASE.

Ban ga tsarinku da idona ba, daga alamomin da ka bayar nake magana, kuma yawancin aikina a UniVerse ne, don haka mai D3 ko jBASE da ke karanta wannan ya nemi takwarorin umarnin a nasa littafin. In kana so mu matsa gaba, turo min abin da CT VOC RELLEVEL ya nuna, da sakamakon LIST.READU EVERY a daidai lokacin da kashiya ta maƙale, da FILE.STAT na fayil ɗin oda da na sito. Ka goge sunayen kwastomomi da lambobin wayarsu kafin ka turo.